Ƙararrawar Baba Sabo

"A hankali, Malam Shekari! Doucement! Bayan nan nawa guda ɗaya ne, ba ni da wani a gida."

Alassane, abokin Shekari ɗan Nijar, shi ne ke wannan roƙo yana nishi. Ya kama gefe ɗaya na katakon da suka ɗora ƙararrawar a kai, Shekari ya kama ɗaya gefen. Suka cicciɓa, suka yi tangaɗi, suka dire ta a bayan a-kori-kurar Alassane, motar ta ɗan duƙa kamar jakin da aka labta wa kaya. An naɗe ƙararrawar da wani tsohon bargo, an ɗaure tamau da igiya, domin Shekari ya rantse babu idon da zai gan ta sai lokaci ya yi. Shi da ya yi rantsuwar kuwa, tun da gari ya waye ya kwance bargon ya leƙa ya fi a ƙirga.

Safiyar Lahadi ce a garin Greensboro na ƙasar Amirka, kuma ba kowace Lahadi ba. Yau ake keɓe majami'arsu. Shekara da shekaru Kiristocin arewacin Nijeriya da ke wannan gari suna hayar wani zaure a bayan manyan kantunan Wendover, su yi sujada da Hausa da rana tsaka bayan wasu sun gama tasu, su kwashe kujeru da sauri kafin masu motsa jiki su shigo da kiɗansu. Yanzu Allah ya ba su nasu na kansu a ƙauyen Pleasant Garden da ke gefen gari, wani tsohon shagon sayar da abincin dawakai da suka gyara da hannuwansu. Za kuma a buɗe shi da ƙararrawa ta gaskiya, ta tagulla, ba tsohon wilin babbar mota da ake ratayewa a bishiyar mangwaro a ƙauye ba. Shekari ne ya samo ta, shi ne ya gyara ta, saboda haka tun jiya bakinsa ya ƙi rufuwa.

Matarsa Yemima ta sauko daga bene cikin ankon Zumuntar Mata, tana rungume da kular masa. Ta dubi bargon, ta dubi mijinta.

"Baban Treasure, ka dai faɗa wa tsohon nan abin da ka yi wa kayansa?"

"In na faɗa masa, ina surprise ɗin?"

"Ajiya fa ya ba ka."

"Ajiya ya ba mai walda," in ji Shekari, yana ƙara ƙulla igiya. "Ke ba ki san maganar manya ba ne. Ki zuba ido kawai, yau za ki ga dattijo yana rawa."

Yemima ta taɓe baki ta wuce motarta. Ta san mijinta. In abu ya shiga kansa, sai dai a bi shi da addu'a.

Tsohon da ake magana sunansa na gaskiya Savo, amma bakin Shekari ya mai da shi Baba Sabo tun ranar farko, shi kuma ya amsa. A garejin gyaran bodin tireloli suka haɗu, Shekari yana sabon zuwa, tsohon yana gab da ajiye aiki. Turancin kowannensu gurgu ne, shi ya sa suka fahimci juna da wuri. Baba Sabo mutumin Bosniya ne, ɗan wani ƙaramin ƙauye a gefen dutse, inda suke da cocin Otodoks na dutse wanda ya girmi kakan kakansa. Da yaƙin da ya wargaza ƙasarsu ya iso gare su, cikin yammaci guda mutanen ƙauyen suka hau taraktoci suka gudu, harsashin igwa kuma ya sauke hasumiyar cocin. Bayan shekaru, da ƙura ta lafa, ya koma ya duba. Bai tarar da kowa ba. Rufin cocin ya rufta, wata bishiya ta tsiro daidai inda firist ke tsayawa, hotunan tsarkakan da aka zana a bango ruwan sama ya wanke su saura idanu. A ƙarƙashin ciyawa ya tono ƙararrawar, ta tsage tun daga baki har kusan kafaɗa, jikinta duk tabon ɓarɓashin bam. Ya sha wahalar duniya ya kawo ta Amirka, ta zauna a garejin gidansa.

Watan jiya 'yarsa ta ce zaman kaɗaici ya isa haka, za ta ɗauke shi ya koma wajenta. Shi ne ya kira Shekari, ya yaye ledar da ya rufe ƙararrawar.

"Na ji kun sami coci," ya ce.

"Mun samu, Baba. Amma naku fa? Ai akwai cocin Otodoks a garin nan."

"Su suna da komai. Ku ba ku da komai, kuma ku 'yan ƙauye ne irina." Ya shafa tagullar da tafin hannu. "Ba ta magana kuma. Ta mutu. So nake kawai ta zauna a ɗakin Allah, ba kusa da injin yankan ciyawa ba."

Ya faɗi haka ya yi ajiyar zuciya, kuma Shekari zai iya rantsewa cewa a lokacin tsohon ya dubi hannuwansa.

To, a inda Shekari ya tashi, can kudancin Kaduna, dattijo ba ya roƙon yaro. In tsoho ya kawo maka garmarsa ya ce, "Ta karye, ajiye mini," kai kuma maƙeri ne, ai ya gama magana. Sauran kunya ce da kara. Yaron da ya mayar da garmar a karye yadda aka kawo ta, har ya tsufa za a riƙa ba da labarin rashin hankalinsa. Saboda haka tun kafin a ɗora ƙararrawar a mota, Shekari ya riga ya fara aikin a cikin kansa.

Kuma ba ƙaramin aiki ya yi ba, wannan kam a ba shi. Mutumin da ya koyi sana'a a Fantekar Kaduna bai san wani abu wai shi "ba ya gyaruwa" ba. Asabar bayan Asabar, a filin bayan gareji, ya haƙa rami ya cika shi da gawayin gasa nama, ya gasa ƙararrawar har ta ɗauki zafi ko'ina. Ya bi tsagar da injin guga ya buɗe ta, ya narka sandar tagulla ya cike ta kaɗan-kaɗan, ya binne ta cikin yashi don ta huce a hankali. Daga nan ya bi tabban nan ɗaya bayan ɗaya ya toshe, ya goge har hannu ya daina jin gargada. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga launin ya yi dabbare-dabbare, nan baƙi, nan kore, nan ja. Wa zai kai wa Allah abu haka? Ya sayo fentin feshi ruwan gwal ya wanke ta da shi, ya bi baƙaƙen rubutun ƙasarsu da ke zagaye da bakinta da ɗan buroshi don kada su ɓace. Bai buga ta ba. Ya dai ƙwanƙwasa da ƙotar sifana, ya ji ta yi wani ɗan guna-guni mai daɗi, ya yi maza ya dafe ta. Bugun farko na Baba Sabo ne.

Suka hau hanya, Alassane na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, Shekari na waiwayen baya kowane lokaci.

"Mon ami, wuyanka zai karye," in ji Alassane. "Ba za ta gudu ba."

"Ka rage gudu a kwanar nan."

"Tafiyar ƙafa ta fi wannan sauri. Ni dai ka gani, ɗan Damagaram, ran Lahadi, ina dakon ƙararrawar coci. In limaminmu ya hango ni me zan ce masa?"

"Ka ce masa tukunyar biki ce."

"Tukunyar da aka kife? Sai ya ce ina tuwon?" Alassane ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya ɗan sassauta murya. "Amma tsakani da Allah, Shekari, ka tabbata tsohon zai so? Turawan nan ka san su da son tsohon abu. Wanda nake kai wa kaya a Irving Park, unguwar masu kuɗi, kujerar da asu ya ci ita ce mai tsada a falonsa."

"Baba Sabo ba irin waɗannan Turawan ba ne. Talaka ne ɗan'uwanmu. Shekara nawa yana kallon abin nan shiru a gareji? Yau zai ji muryar garinsu. Kai, ni da za a ce yau in ji wilin ƙauyenmu ya yi ƙara a nan, wallahi..." Sai ya koma ga waiwayensa.

Tun daga nesa suka jiyo kiɗan tulu. Mata sun cika filin gaban majami'ar, anko iri ɗaya, kacau-kacau a hannu, Mama Dinatu shugabarsu tana ba da waƙa suna amsawa. An jera kuloli a ƙarƙashin rumfa, ƙamshin dafa-duka da gwate da soyayyen nama ya gauraye ko'ina. Motoci sun yi layi a kan ciyawa har bakin titi, har da na baƙin da suka taso daga garuruwan Charlotte da Raleigh. Wani maƙwabci Bature ya kashe injin yankan ciyawarsa ya tsaya a jikin shinge yana kallo baki buɗe. Fasto Josiah ya taho da sauri, kwat ɗinsa na kaɗawa.

"Ta iso? Yauwa! Ɗan'uwa Shekari, ko ɗan leƙe ba za a bar Fasto ya yi ba?"

"Ko bishop ne, Fasto, sai ya jira."

Maza suka taru aka ɗaga ta, aka rataye ta a jikin wasu turakun ƙarfe da Shekari ya ƙera ya kafa a gaban ƙofa. Ya zura hannu ta ƙarƙashin bargo ya ɗaura igiya a ƙarfen da ke lilo a cikinta, ya riƙe shi gam don kada ya taɓa gefe. Gumi ya jiƙa masa sabuwar shaddarsa, ko a jikinsa.

Can sai ga tsohuwar motar Baba Sabo ta shigo a hankali. Ya fito cikin baƙin kwat mai warin kafur, ya taje farin gashinsa ya kwantar, ya tsaya yana kallon wannan taro mai launi-launi kamar wanda ya ɓata hanya. Mata suka yi masa caa da "Sannu da zuwa, Baba," Mama Dinatu ta kama hannunsa ta kai shi kujerar gaba. Ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, idonsa na kan bargon.

Fasto ya yi addu'a, ya yi gajeren jawabi wanda bai yi gajarta ba, ya ba da tarihin cocin ƙauyen da yaƙi ya rusa, ya ce yau abin da ya tsira daga can ya sami gida a nan. Aka tafa. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa Shekari, bisimilla."

Shekari ya kwance igiya, ya ja numfashi, ya fizge bargon.

Rana ta daki ƙararrawar ta yi wal, har sai da na gaba suka kare ido. Guɗa ta tashi. Tuluna suka ɗauka, wayoyi suka yi sama, wata tsohuwa ta fara juyi ita kaɗai. Treasure, 'yar Shekari, ta yi tsalle tana cewa, "Daddy, it's so shiny!" Shekari ya tsaya ƙirji a gaba, baki har kunne, ya juya don ya ga rawar da ya yi wa matarsa alkawari.

Baba Sabo bai tafa ba. Ya miƙe a hankali, hular ta faɗi ƙasa bai kula ba. Ya tako har gaban ƙararrawar, ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, yatsansa ya sauka a wani wuri da ya sani, ya bi shi sama, ya dawo ƙasa. Sumul. Ya ciro tabarau ya sa, ya zagaya ta baya, ya dawo, ya sake shafawa. Kiɗan ya fara raguwa, tulu ɗaya bayan ɗaya, har aka koma jin kukan tsuntsaye.

"Ina yake?" ya tambaya.

"Me, Baba?"

"Ciwon."

Shekari ya ƙaƙaro murmushi. "Na warkar da shi, Baba. Da hannuna. Kai ka ce ta mutu."

"Na ce ta mutu. Ban ce ka tashe ta ba."

Ya zo bakin Shekari ya ce ai a coci ake, tashin matattu aikin gida ne, amma da ya ga fuskar tsohon sai ya haɗiye maganar.

"Ƙauyena babu shi," in ji Baba Sabo. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Gidanmu kurmi ne yanzu. Jikokina a nan aka haife su, ko gaisuwa ba su iya da harshenmu ba. In na ba su labari sai su dube ni kamar fim nake faɗa musu. To sai in kama yatsan yaro, in kai shi gareji, in sa shi cikin tsagar nan, in ce ka ji? Nan yaƙin ya shiga. Wannan ya faru. Abin da na fito da shi ke nan daga can, shi kaɗai." Ya dubi fentin da ke ƙyalli. "Yanzu me zan nuna musu? Kofin ƙwallo?"

Shekari ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ya fi ci masa rai ba idon jama'a ba ne. Yana ƙaunar tsohon nan ƙauna ta gaskiya, kuma ga shi da hannunsa, da guminsa, da gawayinsa, ya share masa abu ɗaya da ya rage masa.

"Baba," ya ce, "mu ma an taɓa ƙone mana coci a ƙauye. Ina saurayi a lokacin. Kafin damina ta sauka mun sake rufi, mun yi yaɓe, mun shafe baƙin hayaƙin da farar ƙasa don kada yara su tashi suna ganinsa. Mu haka muka iya. In abu ya karye sai mu gyara mu yi fenti. Na ɗauka kunya ce ta hana ka ce in gyara."

Tsohon ya dube shi. "Ku kun koma," ya ce. "Mu babu wanda ya koma."

Fasto Josiah, wanda bai taɓa rasa aya ba, ya buɗe Littafi ya rufe. Alassane ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Sai Yemima ta ajiye kacau-kacau ɗinta, ta fito daga cikin mata, ta durƙusa a gaban tsohon yadda ake yi wa suruki.

"Baba, ka yi haƙuri. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ni ma na sani na yi shiru. Abin da aka yi an yi. Amma bai buga ta ba, ko sau ɗaya, ya ce bugun farko naka ne. Ka ja igiyar. In ba muryarta ba ce, yanzu-yanzu a sauke ta a mayar maka."

Baba Sabo ya dubi igiyar da ke lilo. Ya haɗa yatsu uku ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu yadda 'yan Otodoks suke alamar gicciye, ya naɗa igiyar a hannu kamar wanda jiya-jiya ya bari, ya ja.

Muryar ta fito. Ba ƙara ba ce irin ta wili mai fasa kunne. Wata murya ce mai kauri, mai zurfi, wadda ta fara a ƙirjin mutum kafin ta kai kunnensa, ta miƙe ta bi filayen Pleasant Garden tana tafiya ba ta son ƙarewa. Dawakan maƙwabta suka ɗaga kai. Wani kare ya amsa daga nesa. Bakin Baba Sabo ya buɗe, idanunsa suka yi waje, fuskar nan mai tamoji ta koma ta ɗan yaro.

"Ita ce," ya ce. "Ita ce!"

Ya sake ja. Ta sake amsawa, har ta fi na farko cika. Nan fa wuri ya kaure. Mama Dinatu ta rangaɗa guɗar da sai da ɗankwalinta ya zame, tuluna suka dawo da ƙarfinsu, Fasto ya ɗaga hannu biyu sama yana "Halleluya," Alassane ya rungume Shekari yana jijjiga shi yana cewa, "Voilà! Voilà, mai walda!" Shekari kuwa hawaye da dariya suka haɗe masa, ya waiga yana neman Yemima don ta gani da idonta.

Tsohon ya ja na uku.

Ƙwas.

Kamar an jefi tsohuwar garwa da dutse. Wani ɓawon fenti ya ɓantare ya faɗo a kan takalmin Baba Sabo. Tsagar ta dawo, baƙa wuluk a jikin gwal, daga baki har kusan kafaɗa, daidai kan tsohuwar hanyarta, babu kuskure ko na gashi.

Guɗar ta maƙale a wuyan Mama Dinatu. Shekari ya tsaya hannu a ka. Ga laifin farko bai wanke ba, ga aikin ma ya watsa masa ƙasa a ido a gaban Charlotte da Raleigh. Bai iya ɗaga kai ya dubi kowa ba.

Baba Sabo bai saki igiyar ba. Leɓɓansa na motsi kamar mai ƙirga wani abu. Can ya sake yin alamar gicciye, a hankali wannan karon, ya ambaci wani suna da harshensu, hawaye na bin tamojin fuskarsa.

"Baba, ka gafarce ni," in ji Shekari. "Zafin ne bai..."

"Yi shiru," tsohon ya ce. Ya juyo ga jama'a. "A ƙauyenmu, in aka yi mutuwa, ƙararrawa ce ke faɗa. Mutane suna gona sai su tsaya su ƙirga. In ta yi biyu ta tsaya, mace ce. In ta yi uku, namiji." Ya share ido da bayan hannu. "Ranar da muka gudu, mahaifiyata ta ƙi hawa tarakta. Ta ce in kowa ya tafi wa zai kunna fitila a coci. Sunanta Stana. A sanyin shekarar ta rasu. Mutanen ƙauyen gaba ne suka binne ta, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, Allah ya saka musu. Amma babu wanda ya buga mata. Hasumiya tana ƙasa, ni ina sansanin gudun hijira." Ya dubi ƙararrawar. "Biyu ta yi. Ta tsaya."

Wata daga cikin matan ta ce, "Wayyo Allah," a hankali. Mama Dinatu ta gyara ɗankwalinta, ba tare da kowa ya ce mata ba ta ɗauko waƙar da suke yi in an kai gawa, ƙasa-ƙasa, matan suka amsa, tulu ɗaya kawai na bi. Alassane ya ɗaga hannuwa ya shafa a fuska. Baba Sabo bai san ko kalma ɗaya a cikin waƙar ba, amma ya tsaya ƙyam har aka gama.

Sannan ya miƙa yatsa ya sa a cikin tsagar, ya bi ta sama, ya dawo ƙasa, ya gyaɗa kai.

Shekari ya matso kamar mai tsoron a kore shi. Hannunsa har ƙaiƙayi yake. "Baba, na gane inda na yi kuskure. Zafin ne bai kai ciki ba. Ka ba ni dama, wannan karon in na..."

"A'a."

"Ba zan yi fenti ba, wallahi."

"Fentin ma ka wanke mata shi. Ka bar ta a nan yadda take, da ciwonta. Zan riƙa kawo jikokina." Tsohon ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a gwiwa. Sai ya kama hannun Shekari, hannun nan mai tabon wuta, ya riƙe shi da ƙarfin da Shekari bai zaci yana da shi ba. "Amma kada ka sayar da kayan aikinka. Wata rana 'yata za ta kira ka a waya ta ce na tafi. Ranar, ka haƙa raminka ka sake yi mata."

"Haba, Baba, Allah ya ba ka tsawon rai."

"Amin. Ka dai ji ni." Wani ɗan murmushi ya ɓullo a gefen bakinsa. "Biyu ka iya, na gani da idona. Ni namiji ne, Shekari. Uku nake so."

Shekari ya dubi tsagar, ya dubi tsohon. Mata sun fara buɗe kuloli, Fasto na kiran jama'a a shiga ciki.

"To, Baba," ya ce.

Tun da ya fara riƙe wutar walda, yau ne karo na farko da aka ba shi aiki ya ji ba ya gaggawar farawa.